Arsene Wenger: Kocin da ya biya kuɗin gina filin wasa da shekarun ɗaukakarsa

A lokacin da Arsenal ta ɗauki Arsene Wenger a shekarar 1996, 'yan Ingila kaɗan ne suka san shi. Bafaranshe ne mai digiri a fannin tattalin arziki, wanda ya lashe gasar Faransa da Monaco a 1988, kafin ya koma horar da Nagoya Grampus ta ƙasar Japan. Ya bar Arsenal a 2018, bayan shekaru 22 da wasanni 1,235.

Tarihin nasa ya kasu kashi biyu. A kashin farko ya hana 'yan wasa shan barasa, ya gyara musu abinci da tsarin atisaye, sannan ya lashe gasar Firimiya sau uku: 1998, 2002 da 2004. A kakar ƙarshe cikin ukun, Arsenal ta ci wasa 26, ta yi canjaras 12, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ya kuma iya kasuwar 'yan wasa. Ya sayi Nicolas Anelka a kan fam dubu 500 a 1997, bayan shekara biyu ya sayar wa Real Madrid a kan fiye da fam miliyan 20. Da wannan riba aka gina sansanin horo na London Colney, aka kuma kawo Thierry Henry, wanda ya ci wa ƙungiyar ƙwallaye 228.

Kashi na biyu ya soma ne a 2006, shekarar da Barcelona ta doke shi da ci 2-1 a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai. A shekarar ce Arsenal ta bar Highbury, mai ɗaukar mutum kusan 38,000, ta koma Emirates mai ɗaukar 60,000. Ginin ya ci fam miliyan 390, kuma akasarin kuɗin bashi ne. Yayin da attajirai ke zuba dukiya a Chelsea da Manchester City, Wenger yana sayar da gwanayensa. Fabregas da Nasri sun tafi a 2011, Van Persie ya bi bayansu a 2012. Shekara tara ƙungiyar ta yi babu kofi, amma duk kaka sai ta ƙare cikin huɗun farko, abin da ya tabbatar da kuɗin shigar da ake biyan bashin da su.

A nan ne ra'ayin magoya baya ya rabu. Wasu na ganin ya yi wa ƙungiyar riƙon amana. Wasu kuwa na cewa ko bayan da kuɗi suka samu, ya ƙi sauya salo, ya kuma daɗe a kan kujera har aka soma yi masa zanga-zanga. Kofunan FA uku da ya ƙara daga 2014 zuwa 2017, waɗanda suka cika masa bakwai, ba su kwantar da ƙurar ba.

A Afirka, ana tuna shi da buɗe ƙofa. Shi ya kai George Weah Monaco a 1988, ya kuma ɗauko Nwankwo Kanu daga Inter Milan a 1999, abin da ya jawo wa Arsenal ɗimbin masoya a Najeriya. Da Weah ya zama shugaban Laberiya, ya karrama shi da lambar yabo a 2018.

Tun 2019 Wenger yake jagorantar sashen bunƙasa ƙwallon ƙafa na FIFA. A 2023 aka kafa mutum-mutuminsa a harabar Emirates, filin da ya sadaukar da kofuna don a gina shi.