Kafin ka goge jikin jitarka, san abin da aka shafe ta da shi

Da yawa daga cikin jitocin da jikinsu ya lalace, mai su ne ya lalata su da hannunsa, wajen neman su yi ƙyalli. Ya ga zufa ta bar dishi-dishi inda damtsensa ke kwanciya, ko gam ɗin sitika ya maƙale a fuskar jitar, sai ya ɗauko duk abin da ke kusa, sifirit ko man goge farce, ya yi ta dirza. Dauɗar ta fita, amma ta tafi da shafen da ke kare katakon.

Shafen nan ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan maganar take. Mafi tsufa shi ne shalak, wani ƙaro da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan. Har yau maƙeran jita na Sifen suna shafa shi da hannu a kan jitocinsu masu tsada. Da sifirit ake narka shi tun farko, don haka ɗigon sifirit ko turaren feshi ya isa ya cinye shi. Sai kuma nitiroselulos, wanda kamfanin DuPont ya yaɗa a shekarun 1920 don fentin motoci, kamfanonin jita na Amurka irin su Martin da Gibson suka rungume shi. Siriri ne, yana da kyau, amma bai da juriya sosai. Man goge farce yana narkar da shi nan take. Sinadarin DEET da ke cikin maganin sauro na shafawa yana tausasa shi, abin da ya kamata mai kiɗan dare a ƙasar sauro ya riƙe a ransa. Hatta robar da aka naɗa a maratayin jita, ko ɗamarar leda da aka bari kwance a jikinta, kan bar tambarin da ba ya goguwa, domin sinadarin da ke sa roba laushi yana ratsawa cikin shafen.

Akasarin jitoci masu sauƙin kuɗi da ke kasuwanninmu kuwa, shafensu dangin roba ne mai tauri, foliyuritan ko foliyesta, wanda ba ya saurin jin ciwo. Idan ba ka san naka ba, ɗauka cewa mai rauni ne.

Aikin kansa ba shi da wuya. A fara da kaɗe ƙura da tsumman auduga mai laushi, ba tare da dannawa ba, saboda ƙurar hunturu tana ɗauke da ɗan yashi, kuma dirza ta a kan shafe tamkar goga masa samfefa ne. Daga nan a ɗan jiƙa tsumman da ruwa, a matse shi sosai, a goge, a bi da busasshe. Wannan kaɗai yana kawar da gishirin zufa da mafi yawan dauɗa. Maiƙo da gam ɗin sitika su ne ruwa ba ya iya musu. Masu gyaran jita kan yi amfani da nafta, wato man da ake ɗura wa laitar Zippo, domin yana narkar da gam ba tare da ya taɓa nitiroselulos ko shafen roba ba, kuma yana bushewa da wuri. A zuba shi a tsumma, a fara gwadawa a wurin da ido ba ya kaiwa, a yi nesa da wuta. Fetur ba madadinsa ba ne.

Man goge kujeru da tebura ma a bar shi. Da yawansu akwai silikon a ciki, wanda ke shiga tsagar shafe ya ratsa katako, ranar da za a yi gyara sabon shafe ya ƙi kamawa. Jita marar sheƙi kuwa, idan aka nace da goge wuri ɗaya, wurin zai yi ƙyalli ya bambanta da sauran jikin har abada.

Akwai kuma tabon da ba dauɗa ba ne. Siraran tsagogi masu kama da saƙar gizo a kan tsohuwar jita, shafen ne ya tsattsage saboda sauyin zafi da sanyi. Inda farce ya cinye gefen ramin sauti, katako ne ya fito. Babu tsumman da zai mayar da waɗannan, kuma ni a ganina ba abin kunya ba ne. Jitar mawaƙin Amurka Willie Nelson, ƙirar Martin da yake kaɗawa tun 1969, har rami hannunsa ya huda mata, bai kuma daina hawa dandamali da ita ba.

Don haka, mai karatu, duk sa'ad da ka gama kiɗa, ka goge zufarka da busasshen tsumma tun ba ta bushe ba, ka mayar da jitar cikin akwatinta. Tabon da ya ƙi ruwa ya ƙi nafta, kada ka yi masa ƙarfi, kai wa mai gyara ya duba.