Bayani Kan Lokutan Kamun Kifi A Fadamun Jega, Aliero Da Maiyama

Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ta Jega kafin ya haɗu da gulbin Sakkwato, shi ne uwar ruwan wannan yanki na Jihar Kebbi. A ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama akwai kuma fadamu da tafkuna da ke cika da damina, su janye da rani. Wannan cika da janyewa shi ke tsara sana'ar su, kuma mai son ya ci moriyarta dole ya san watan da ake kama kifi da watan da ake ƙyale shi.

Daga watan Yuli zuwa Satumba ruwa kan haura gaɓa ya malale cikin ciyawa. A nan ne kifi ke hayayyafa. Tarwaɗa tana bin sabon ruwa ta zuba ƙwai a ciyawar da ruwa ya shanye. Bargi yakan share wuri mai zagaye a cikin ciyawa, ya yi sheƙa, ya tsare 'ya'yansa. Ita kuwa karfasa, uwar kan riƙe ƙwanta a cikin baki har su ƙyanƙyashe, don haka wanda ya kama ta a wannan hali ya hallaka ɗaruruwan kifi a jifa ɗaya. Ƙananan kifin suna samun abinci da mafaka a ruwan da bai wuce gwiwa ba, inda giwan ruwa ba ta iya bin su.

Idan ruwa ya fara janyewa a watan Oktoba da Nuwamba, wani kifin yakan koma gulbi, wani kuma ya maƙale a tafkuna. Kaka ke nan ga mai birgi da mai mamari da mai fatsa. Can cikin rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙanƙance, sai a yi su na gayya da homa da gora. Gaiwa ce kaɗai ba ta damu ba: takan shige cikin laka ta kwanta har ruwan sama ya dawo.

Magabata sun san wannan lissafi. Shi ya sa a ƙasar Kabi ake da Sarkin Ruwa, wanda ke hana shiga wani ruwa har sai ranar da aka buɗe shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, a kan wannan doka ya tsayu. Manyan kifin da ake fitarwa daga Matan Fada sun girma ne saboda an hana taɓa ruwan kafin ranar biki. Ko a Amurka, a gaɓar tekun Florida inda masu yawon shaƙatawa ke fatsa a ruwan gishiri marar zurfi da ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu, wasu nau'o'in kifin doka ta ce a sake su bayan an kama.

Abin damuwa a yau shi ne yadda wasu ke gaggawa. Taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro da aka raba domin kare iyali daga zazzaɓi, yana kwashe kifin da bai kai tsawon yatsa ba. Mafi muni shi ne zuba guba, ko magimfa ko maganin ƙwari. Guba ba ta zaɓe, kuma ruwan nan shi shanu ke sha, a cikinsa yara ke wanka. Dokar Tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ta shekarar 1992, ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki.

Akwai kuma batun noman rani. Albasar Aliero ta yi suna a faɗin Nijeriya, shinkafa ma ta zama abin alfaharin jihar, babu mai son a rage su. Amma injin ban-ruwa yana iya ƙafar da tafki kafin lokacin su ya yi, kuma wanke tankin feshi a bakin ruwa daidai yake da zuba guba. Sau da yawa manomin da masuncin ɗan gida ɗaya ne, don haka sulhun ba shi da wuya idan an zauna da wuri.

Ana kira ga hakimai, dagatai da jami'an sashen gona na ƙananan hukumomi da su tara masunta da manoman rani kafin ruwa ya janye, a tantance tafkunan da za a keɓe da ranar buɗe kowanne, a sanar a masallatai da kasuwanni. Wanda ya ga mataccen kifi yana yawo da yawa a kan ruwa, kada ya ci, kada ya kai kasuwa, ya gaggauta sanar da mai unguwa ko Sarkin Ruwan yankinsa.