Daga Kano zuwa Jidda a Jirgin Sama

Ɗalibi, ka san nisan da ke tsakanin Kano da Jidda, inda mahajjata suke sauka? Ya kai kimanin kilomita 3,400. Jirgin sama yakan yi tafiyar kilomita 850 a awa ɗaya. Idan ka raba 3,400 da 850, za ka sami awa huɗu. Amma tashi da sauka sukan ci lokaci, saboda haka tafiyar takan ɗauki kimanin awa huɗu da rabi.

Ka lura, agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Idan jirginka ya tashi da ƙarfe 10:00 na safe, zai sauka da ƙarfe 4:30 na yamma a agogon Jidda. Ka gyara agogonka, kada lokacin salla ya wuce ka.