Na'ura Ta Koyi Karatun Hoton Huhu

Ciwon huhu, wanda ake kira limoniya, yana kashe yara da yawa. A shekara ta 2019 ya kashe yara sama da 700,000 a duniya, waɗanda ba su kai shekara 5 ba.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Wani, ƙwayar bakteriya ke kawo shi. Maganin amoksisilin yana kashe ta. Wani kuma, ƙwayar birus ke kawo shi. Amoksisilin ba ya taɓa ta. Shi ya sa likita ke son ya rarrabe su.

A hoton ƙirji, bakteriya takan bar farin tabo wuri guda. Birus kuwa takan bazu kamar hazo cikin huhu biyu.

A shekara ta 2018, masana na Amurka da Sin sun koya wa kwamfuta wannan aiki. Sun nuna mata hotunan ƙirjin yara fiye da 5,000 daga asibitin birnin Gwangju. Kowane hoto da sunan ciwonsa. Ta yi ta dubawa, kamar ɗalibin yaƙi da jahilci da ke koyon baƙaƙe. Da aka kawo mata sababbin hotuna, ta rarrabe iri biyun daidai sau 9 cikin 10.

Amma tana kuskure. Likita ne ke yanke magana.

Iyaye su lura. Yaro mai tari da zazzaɓi, in yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, a kai shi likita ran nan. Kada a jira gobe.