Riƙewar Fitsarin Dattijo Ba Sanyi Ba Ne

Duk ranar kasuwa a Shanga ko Yelwa ko Wara, sai ka ji lasifika a kan mota tana kwakwazo: maganin sanyin mara, sha yanzu magani yanzu. Masu saye kuwa galibi dattawa ne, waɗanda ke kwana suna zarya da buta, su tsuguna su yi ta yunƙuri, fitsarin na ɗiga kaɗan-kaɗan, su tashi mara ba ta sake ba. In ka tambaya sai a ce ai sanyi ne, tun yana saurayi yake cikin ruwa yana su.

Wannan magana ta ishe ni. Wane irin sanyi ne zai ƙyale mutum shekara arba'in yana jefa taru a tafkin Kainji, sai da furfura ta fito sannan ya kama shi? Me ya sa manomin tudu da ɗan tireda, waɗanda ba su taɓa shiga kwalekwale ba, su ma suke fama da shi? Wasu ma har zargin matan gidan suke yi, wai su suka shafa wa maigida. Haba jama'a! A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu mai girman goro da likitoci ke kira furostet, hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. In shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanyar. Mafi yawa kumburin tsufa ne kawai, kuma yana da magani. Amma wani lokaci ciwon daji ne, kuma jiƙon saiwa ba ya bambance su.

Jini ne ke ba da labari. Furostet na sarrafa wani sinadari mai suna asid fosfatez, wanda aikinsa ɓalle fosfet daga jikin wasu sinadarai, kuma ƙwayar gadon da ke ba da umarnin yin sa tana kan kuromosom na 3. A cikin maniyyi yake taruwa da yawa, shi ya sa masu binciken laifin fyaɗe ke neman sa a jikin tufafi. A 1938 Alexander Gutman da Ethel Gutman suka gano a Amurka cewa yana hauhawa a jinin wanda dajin furostet ya bazu a jikinsa. Da wannan awo Charles Huggins ya nuna a 1941 cewa rage sinadarin mazakuta yana danne ciwon, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Aibin awon shi ne asid fosfatez ɗin yakan tashi ne bayan ɓarna ta yi nisa, don haka daga shekarun 1980 wani gwajin jini mai suna PSA ya karɓe gurbinsa.

Gado na da hannu a dajin furostet, kuma baƙar fata ya fi kamuwa.

To, Baba, in ka kai hamsin, je babban asibitin Yawuri ka ce a duba maka furostet, ko da lafiyarka ƙalau, domin dajin ba ya yin ciwo da farko. In mahaifinka ko wanka ya yi shi, kada ka jira hamsin ɗin. Gwajin jini ne, sai kuma likita ya taɓa da yatsa ta dubura. Na san nan ne kunya take, amma ta fi sauƙi a kan yawo da robar fitsari a cikin wando. Hawan PSA kaɗai ba ya nufin daji, sai an ƙara bincike a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Jini a fitsari kuma kada a ce ai tsargiya ce, kowa na bakin ruwa ya saba. Tsargiyar kanta in ta daɗe tana jawo dajin mafitsara. Ciwon baya ko ƙugu da ya ƙi ji, tare da rama, a faɗa wa likita. In fitsari ya tsaya cak, ko da tsakar dare ne a nemi mota, domin ƙoda na iya lalacewa.

Ku kuma 'ya'ya, iyayenku ba za su buɗe baki su faɗa muku wannan ba. Wanda ya lura Baba na daɗewa a bayan gida, ya haɗa kuɗin mota ya kai shi asibiti.