Shirin Musamman: Ci 3 a Etihad da Ciwon da Ya Daɗe a Zuciyar Ɗan Man U

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa birnin Manchester na ƙasar Ingila, inda a ranar Lahadi 14 ga Satumba, 2025, Manchester City ta karɓi baƙuncin maƙwabciyarta Manchester United a filin Etihad, ta kuma lallasa ta da ci 3 da nema. Sakamakon kam kowa ya ji shi. Shirin zai duba halin da mai goyon bayan United ya shiga ne, na can Manchester da na nan gida, da kuma inda ɓarakar ta samo asali.

Ƙarfe 4:30 na yamma agogon Najeriya da Nijar aka take wasa, wato ana idar da la'asar matasa suka nufi gidajen kallo. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, 'yan kallon ɓangarorin biyu sun miƙe suna tafi don tunawa da Ricky Hatton, tsohon zakaran damben duniya kuma masoyin City, wanda labarin mutuwarsa ya ɓulla a ranar. Ɗan Man U ya zauna a benci da ɗan guntun fata, kuma yana da hujja. City ta zo wasan ne bayan ta sha kashi sau biyu a jere, a hannun Tottenham da Brighton. Sannan a wannan fili ne, a watan Disamban 2024, Bruno Fernandes ya farke da fenareti ana dab da tashi, Amad Diallo ya ƙara ta biyu, United ta tafi da maki uku.

Fatan bai daɗe ba. A minti na 18 Jeremy Doku ya yanka 'yan bayan United ya ɗago ƙwallo, Phil Foden ya shigo babu mai bin sa, ya sa mata kai. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci Erling Haaland ya ci ta biyu a minti na 53, ya ƙara ta uku a minti na 68 bayan United ta yi sakaci ta ba da ƙwallo a tsakiyar fili. Tsakanin ƙwallayen biyu ma ya samu raga a buɗe ya buga turke. Dama mai kyau ɗaya da United ta samu ita ce wadda Bryan Mbeumo ya ɗauke ƙwallo tun a sama ya sheƙa, sabon golan City, Gianluigi Donnarumma, ya yi tsalle ya ture ta. Tun kafin a tashi, an ga wasu magoya bayan United suna ficewa daga filin. A Kano kuwa ana kiran magariba ne aka watse daga kallo.

Ci 3 ba shi ne mafi muni da United ta taɓa sha a wannan wasan hamayya ba. An yi mata 6 da 1 a gidanta, Old Trafford, a watan Oktoban 2011, an sake yi mata 6 da 3 a Etihad a Oktoban 2022. Amma a 2011 mutane sun fito daga gidan kallo suna tafa hannu suna salati, saboda abin ya zo musu a ba-zata. Wannan karon babu wanda ya yi mamaki, har su masu ƙungiyar a zuciya, kuma a nan ciwon yake. Magoyin bayan da ya saba shiga kallo yana tambayar nawa za a ci, a ranar addu'arsa ita ce kada a yi musu yawa.

Bari mu ɗan koma baya, domin waccan Lahadin tana da tarihi. A kakar 2024 zuwa 2025 United ta ƙare a mataki na 15 a teburin Firimiya da maki 42, bayan an doke ta sau 18 a wasa 38. Rabon da ta yi ƙasa haka tun kakar da ta faɗa rukuni na biyu a 1974. Hanya ɗaya ta rage mata ta wanke kanta, wato wasan ƙarshe na gasar Europa a birnin Bilbao ranar 21 ga Mayu, shi ma Tottenham ta ci ta 1 da nema ta ƙafar Brennan Johnson. Shi ya sa a kakar 2025 zuwa 2026 babu United a kowace gasar Turai. Daren Talata da Laraba, lokacin da gidajen kallo ke cika don Gasar Zakarun Turai, ɗan Man U ya zama ɗan rakiya a kakar.

Da aka buɗe kasuwar 'yan wasa, ƙungiyar ta zuba sama da fam miliyan 200 a kan 'yan gaba uku: Matheus Cunha daga Wolves, Mbeumo daga Brentford, da Benjamin Sesko daga Leipzig ta Jamus. Aka ce to, bana an gyara. Sai Arsenal ta zo har gida ta ci 1 da nema a wasan farko, aka yi kunnen doki da Fulham, sannan abin kunyar da ya fi kowanne ya faru ranar 27 ga Agusta. Grimsby Town, ƙungiyar da ke rukuni na huɗu a Ingila, ta yi waje da United daga Kofin Carabao. Grimsby ta fara cin biyu tun kafin hutu, United ta farke da ƙyar, aka je bugun fenareti har sai da gololi suka buga, aka sake zagayowa, Mbeumo ya buga ƙarfen sama, aka tashi 12 da 11. Hoton koci Ruben Amorim a zaune yana jujjuya 'yan maganaɗisu a kan allon tsara wasa, ana tafka ruwan sama, ya karaɗe wayoyin duniya kafin gari ya waye.

Bayan wasan na Etihad maki 4 United ta tara a wasa huɗu, kuma rabon da ta fara kaka da rauni haka tun 1992. Masu neman abin rarrashin zuciya suna tuna cewa a waccan kakar United ce ta ɗauki kofi daga ƙarshe. Gaskiya ne. Sai dai a lokacin akwai Alex Ferguson a benci, akwai Peter Schmeichel a raga, kuma a watan Nuwamban shekarar Eric Cantona ya iso daga Leeds.

Wane ne wannan magoyin baya da muke magana a kansa? Yawanci ba yaro ba ne. Wani ya kamu da son ƙungiyar a daren 1999 da ta ci Bayern Munich ƙwallo biyu a mintunan ƙarin lokaci ta ɗauki kofin Turai. Wani kuma a 2008 ne, zamanin Ronaldo da Rooney da Tevez, shekarar da United ta zo Abuja ta buga wasan sada zumunci da Portsmouth ta Nwankwo Kanu. Yau magidanci ne, da iyali da sana'a. Ɗansa mai shekara 12 bai taɓa ganin United ta ɗaga kofin Firimiya da idonsa ba, domin na ƙarshe shi ne na 2013, shekarar da Ferguson ya yi ritaya da kofin gasar 13 a hannunsa. Idan yaron ya ce shi City yake yi, ko ya ce a sayo masa rigar Haaland, uban ba shi da bakin hana shi.

Safiyar Litinin ita ce mai wuya. A teburin mai shayi, a bakin kasuwa, a majalisar unguwa, akwai masu jiran sa. 'Yan Arsenal da ya yi shekaru yana yi wa dariya sun samu ranar ramuwa. 'Yan Liverpool suna tuna masa cewa a 2025 sun kamo United a yawan kofin lig, 20 da 20, alhali wannan lissafi shi ne abin taƙamarsa na ƙarshe. Wayarsa kuwa tun daren Lahadi take ƙara, abokai suna turo saƙon jaje na tsokana a WhatsApp. Wasu su kashe wayar, wasu su ƙi fitowa majalisa sai ƙura ta lafa. Wanda bai san ƙwallo ba zai ce mene ne na damuwa a kan Turawan da ba su san da zamanka ba. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin yana ware yammacin Asabar ɗinsa, yana biyan kuɗin shiga gidan kallo, yana ƙulla abota da gaba a kan riga ɗaya, ɓacin ransa na gaske ne, kuma ya cancanci a saurare shi.

A lokacin, da yawa daga cikin magoya bayan Amorim suke ɗora wa laifi, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu. Tun da ya zo daga Sporting ta Portugal a Nuwamban 2024 zuwa wasan na Etihad, ya ja ragamar wasan Firimiya 31, ya ci 8 kacal, ya tara maki 31, bai taɓa cin wasa biyu a jere a gasar ba. Ya kafe a kan tsari ɗaya na 'yan baya uku da 'yan tsakiya biyu, kuma kowane koci a Ingila ya gane maganinsa: a cika tsakiya da mutum uku ko huɗu, a bar biyun nan suna haki. Bruno, wanda ya fi kowa iya ƙirƙirar ƙwallo a kusa da ragar abokan hamayya, an ja shi baya ana neman ya yi aikin tsaro, kuma ta inda ya kamata ya toshe Foden ya ɓullo. Kobbie Mainoo, yaron da ya ci City ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin FA a 2024, har zuwa wasan na Etihad ba a fara wasan lig da shi ba ko sau ɗaya a kakar 2025 zuwa 2026. Bayan wasan Lahadi Amorim ya shaida wa 'yan jarida cewa ba zai sauya salonsa ba, wanda ke son sauyi sai dai ya sauya kocin. Wannan kafiya ce, kuma ƙungiyar ce ta biya kuɗinta.

Amma wanda ya tsaya a kan Amorim bai kai ga tushen ba. Kafin shi an yi David Moyes, da Louis van Gaal, da Jose Mourinho, da Ole Gunnar Solskjaer, da Ralf Rangnick na riƙon ƙwarya, da Erik ten Hag. Kowanne ya zo da salonsa da 'yan wasansa, kowanne ya tafi ya bar wa na bayansa tarkace. Ba zai yiwu a ce dukansu ba su iya aiki ba.

Matsalar ta faro ne tun 2005, lokacin da iyalan Glazer na Amurka suka sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin bashi suka ciwo, suka kuma ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da a da ba a bin ta komai, kamar mutum ya sayi shago da rance ya ce shagon ne zai biya. Tun daga nan sama da fam biliyan 1 ya fita daga asusun United zuwa kuɗin ruwa da ribar masu hannun jari da makamantansu. Ƙwarewar Ferguson ce ta rufe asirin har shekara takwas. Da ya tafi, sai aka ga babu ƙwararrun da za su tsara sayen 'yan wasa. An sayi Paul Pogba fam miliyan 89 ya tafi kyauta. An sayi Jadon Sancho fam miliyan 73, a 2025 ya tafi zaman aro a Aston Villa. Antony da aka saya sama da fam miliyan 80, an sayar wa Real Betis a kan abin da bai kai sulusin kuɗin ba. Scott McTominay kuwa, ɗan gida da aka sallama zuwa Napoli a 2024, a kakarsa ta farko ya ɗauki kofin lig na Italiya, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Shi kansa Old Trafford rufinsa yoyo yake yi. Duniya ta ga ruwa na kwarara a kan kujeru ranar wasan Arsenal a Mayun 2024.

A ɗaya gefen birnin, Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi City a 2008. Ferguson ya taɓa kiran su maƙwabta masu surutu, kuma shekaru da dama akwai ƙyalle a Old Trafford da ke ƙirga shekarun da City ta yi babu kofi, har ya kai 35. Daga 2012 zuwa 2024 waɗannan maƙwabta sun ɗauki Firimiya sau takwas, huɗu daga ciki a jere. Akwai tuhumce-tuhumce sama da 100 na karya dokokin kuɗi da hukumar Firimiya ta yi musu, waɗanda suka musanta, kuma ɗan Man U ba ya gajiya da ambatonsu. Duk da haka ya san cewa ita ma ƙungiyarsa ta kashe kuɗi kamar ba gobe, tsari ne ta rasa.

Zuwan attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe a Fabrairun 2024, da ya sayi sama da kashi 27 cikin 100 ya karɓi ragamar harkar ƙwallo, ya sa an yi zaton sauƙi ya zo. Abin da aka gani shi ne an tsawaita kwantiragin Ten Hag a Yuli aka kore shi a Oktoba, an ɗauko daraktan wasanni Dan Ashworth aka rabu da shi bayan wata biyar, an sallami ɗaruruwan ƙananan ma'aikata, an kuma mayar da tikitin wasu wasanni fam 66 babu rangwame ga yara ko tsofaffi. Kuskuren manya ne, amma ƙananan ma'aikata da 'yan kallo aka sa su biya. Shi ya sa dubban magoya baya suka yi tattaki da baƙaƙen kaya zuwa Old Trafford a watan Maris na 2025, suna neman iyalan Glazer su tattara su tafi. Na can yana da titin da zai fita ya yi ihu a ji shi. Na Kaduna da na Maraɗi ba shi da ko wannan, sai dai ya haɗiye, ko ya kira gidan rediyo ya amayar da abin da ke ransa.

Bayan wasan na Etihad, ranar Asabar 20 ga Satumba, 2025, United ta karɓi baƙuncin Chelsea a Old Trafford, ƙungiyar da ta lashe kofin ƙungiyoyin duniya a watan Yuli, kuma a cikin tawagarta akwai Alejandro Garnacho, wanda United ta sayar mata a ƙarshen Agusta a kan fam miliyan 40. An take wasa ƙarfe 5:30 na yamma agogon Najeriya da Nijar.