Harsunan kudancin Indiya: darasin da bincikensu ya ajiye wa mutanen Magarya da Dungas

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa, waɗanda yanzu suka cika wayoyin samari daga Magarya har Dungas, yakan ɗauka cewa mutanen ƙasar nan baki guda gare su. Alhali kuwa da yawa daga cikin finafinan ba da harshen Hindi aka yi su ba. Fim ɗin Baahubali na shekarar 2015, alal misali, da Telugu da Tamil aka shirya shi, harsunan da mutumin birnin Delhi ba ya ji sai da tafinta. Su biyun ƴan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira Dirabida. Yadda aka gano wannan gida, da abin da ganowar ta haifar, ya shafi maganar da muke ciki yau game da harsunan Nijar.

Su wane ne Dirabida?

Manyan gidan huɗu ne. Bisa ƙidayar Indiya ta 2011, Telugu na da mutum miliyon 81, Tamil miliyon 69, Kannada kusan miliyon 44, Malayalam kusan miliyon 35. Bayan su akwai ƙanana irin su Tulu da Gondi da Kuruk. Akwai kuma Birahuyi, wanda ya yi zamansa shi kaɗai can a Balucistan ta ƙasar Pakistan, nesa da dangi. Tamil ne ya riga saura rubutu: an samu rubutunsa a jikin duwatsu tun fiye da shekara 2000 da suka wuce.

An daɗe ana cewa waɗannan harsuna ƴaƴan Sanskirit ne, harshen addini da ilimi na Indiya, saboda kalmominsa sun yi yawa a cikinsu. Wanda ya fara warware zancen ma'aikacin gwamnati ne, Francis Ellis, Bature mai kula da haraji a Madaras. A 1816, tare da taimakon malaman ƙasar, ya jera saiwoyin kalmomin Tamil da Telugu da Kannada, ya nuna cewa tushensu guda ne, kuma dabam yake da na Sanskirit. A 1856 ɗan mishan Robert Caldwell ya wallafa nahawun kwatance na gidan baki ɗaya. A 1961 Burrow da Emeneau suka fitar da ƙamus na asalin kalmomin gidan, sannan a 2003 Bhadriraju Krishnamurti, ɗan ƙasar Telugu, ya tattara sakamakon binciken a littafi guda.

Yadda ake gane dangi

Mai wannan bincike ba ya dogara da kalmomin addini ko na mulki ko na kasuwa, domin su ne suka fi saurin ƙaura daga baki zuwa baki. Yana duban abin da yaro ke koya a bayan uwa: ƙirga, gaɓoɓin jiki, da ginin jimla. Biyu da uku a Tamil su ne irandu da munru, a Telugu rendu da mudu, a Kannada eradu da muru. Hindi kuwa do da tin yake cewa. Ido a Tamil kan ne, a Telugu da Kannada kannu, a Birahuyi khan. Shi Birahuyi ya ari yawancin kalmominsa wajen maƙwabta, har ƙirgarsa daga huɗu zuwa sama aro ce, amma ɗaya da biyu da uku nasa na gado ne, kuma suna cikin abin da ya tona asalinsa.

Ɗan kasuwar Magarya ya san irin wannan ba tare da ya shiga lakkwal ba. Daga ɗaya zuwa goma da Hausa yake ƙirga, amma ashirin da talatin da hamsin duk na Larabci ne, sun ture tsohuwar ƙirga ta gomiya biyu da gomiya uku. Aro bai sa Hausa ta zama ɗiyar Larabci ba, kamar yadda bai sa Telugu ya zama ɗan Sanskirit ba.

Akwai kuma tarkon kamanni. A Tamil, kai hannu ne, amma uwa ce, ni kuwa ma'anarsa kai ko ke. Mai gaggawa sai ya ce ya gano zumunta. Kama da wane ba wane ba ce. Shugaba Senghor na Senegal ya ƙwallafa rai ga neman dangantaka tsakanin Dirabida da harsunan Afirka, har a shekarun 1970 aka kawo masanan Indiya cibiyar IFAN ta Dakar don su kwatanta su da Wolof da Fulatanci. Mafi yawan masana harshe ba su gamsu da hujjojin ba, domin kalmomin ba su bi ƙa'idar sauyin sauti guda ba. Alaƙar da ta tabbata ta gona ce: hatsinmu, wanda aka samu tsohuwar shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ya isa Indiya fiye da shekara 3000 da suka wuce. Tamil na ce masa kambu, Kannada sajje. Shi ya sa cibiyar binciken noma ta ICRISAT, mai hedkwata kusa da Haidarabad a ƙasar Telugu, ta buɗe reshe a Sadore kusa da Yamai. Iri ya tafi, harshe bai bi shi ba.

A gwada ma'aunin a kasuwanninmu

In aka shiga kasuwar Dungas ko ta Waca, ko aka tsallaka Maigatari ranar Alhamis, za a ji Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Wane ne dangin wa? Joseph Greenberg a 1963, sannan Paul Newman da Roxana Ma a 1966, sun tabbatar da cewa Hausa ƴar gidan Cadi ce, gida mai harsuna kimanin 150, cikinsu har da Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade. A Nijar, ɗan ɗakinta shi ne Buduma na bakin tafkin Cadi. Daga nesa kuma tana da kaka ɗaya da Buzanci da Larabci. Dubi gidanka da gidanki, ka gwada da baituka da baituki na Larabci. Dubi harafin t mai nuna mace a harsunan uku, da kalmar mutu wadda kowannensu ke da irinta.

Barbarci da Fulatanci kuwa kowane gidansa dabam, duk da cewa su ne maƙwabta na kusa. Abin da ke tsakaninmu da su zaman tare ne, kuma ya bar alama. Galadima da ciroma da yarima daga Barno suka zo, haka ma kasuwa da karatu ta bakin Barebari suka shigo. Kawu da gwaggo na Fulani ne. Raƙumi da takobi daga Buzaye muka karɓa. Tarihin da ba a rubuta ba yana nan kwance cikin maganarmu ta yau da kullum.

Zumunci da aure

Binciken Dirabida bai tsaya ga kalmomi ba. A 1953 Bafaranshe Louis Dumont ya nuna cewa sunayen dangi a kudancin Indiya hoton tsarin aure ne. A Tamil kalma guda, mama, ita ce kawu, ita ce kuma suruki, saboda ɗiyar kawu ko ta gwaggo ita ce matar da al'ada ta tanada. Wan uba da ƙanen uba kuwa babban uba da ƙaramin uba ake ce masu, ƴaƴansu ƴan'uwa ne, ba aure. Mu ma mun raba ɗan mace da ɗan namiji daga saura, muna ce masu taubasai. Sai dai a wajenmu auren ɗiyar wan uba ko ta ƙanen uba halas ne, kuma ana yi. Mun kuma faɗaɗa taubasantaka har ta haɗa ƙabilu, kamar Fulani da Barebari, wasan da hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014.

Inda maganar ta zama ta siyasa

Sanin asali ya ba mutanen kudancin Indiya ƙarfin neman haƙƙi. A watan Disamba 1952 Potti Sriramulu ya rasu bayan kwana 58 yana ƙin cin abinci, don a ba masu jin Telugu jaharsu. An ba su a 1953, kuma a 1956 aka sake shata jahohi bisa harshe. A 1965, da aka yi niyyar mayar da Hindi harshen gwamnati shi kaɗai, ɗaliban Madaras suka tashi, aka yi asarar rayuka, gwamnati ta janye. Yau tsarin mulkin Indiya ya amince da harsuna 22, takardar kuɗinsu kuma na ɗauke da 17. Maƙwabciyarsu Siri Lanka ta bi wata hanya: dokar 1956 ta ɗora Sinhala kaɗai ta ture Tamil, kuma wannan na cikin tushen yaƙin basasar da aka yi daga 1983 zuwa 2009. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nan gida, a Damagaram aka buɗe lakkwal ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan girma ne, amma kaya ne a kan Bahaushe. Bafulatanar da ta kawo ɗanta likita a Guci, da Babarbaren da ya zo neman takarda a Malawa, suna da haƙƙin a saurare su da bakinsu. Ma'aikacin da ya koyi ko da gaisuwa da ƙirga da harshen mutanen da yake wa aiki ya rage wa ƙasa fitina.

Indiya ta kafa jami'a sukutum a Kuppam a 1997 don nazarin Dirabida. Ba mu ce sai mun yi haka ba. Amma jami'ar André Salifou ta Damagaram na iya tura ɗalibai ƙauyukan Bande da Ɗan Ciyawo da Dogo-Dogo su naɗi maganar tsofaffi, da tsohuwar ƙirga, da sunayen itatuwa da na dangi. Ƴan kasuwar da Allah ya hore wa na iya ɗaukar nauyin buga abin da aka tattaro. Aiki ne mai arha, sai dai ba ya jiran shekaru, domin masu riƙe da kalmomin kullum raguwa suke yi.